Ƙasar da Abdulbaƙi Ya Gina a Daji

Khadijatul Kubra ta daɗe tana aure da Abdulbaƙi, har sun tara 'ya'ya, amma ba ta taɓa jin ya ba da labarin da ya wuce na tsadar taki ko na tsutsar da ta cinye wake ba. Mutum ne mai shiru. Manomi ne a Farfaru, da damina gero da wake, da rani albasa da tumatir a bakin ruwa. Abin da kawai ta sani a kansa wanda bai yi kama da noma ba shi ne, tun yana saurayi yakan je kasuwar Jibiya ya yi hayar littattafan yaƙi, irin waɗanda ake cika su da sadaukai da aljanu da biranen da babu su a duniya. Bayan aure ma yakan ɗauko ɗaya ya zauna gindin darbejiya yana karantawa, leɓɓansa na motsi. In ta tambaye shi abin da ke ciki sai ya ce, "Shirme ne kawai," ya ninke shafin.

Ƙanenta Mahmudu shi ne mai surutun gidan. Tun rasuwar iyayensu yake hannunta, ita ta raine shi, kuma da ya girma sai ya zama hannun daman mijinta a gona. Tare aka kama su, wata safiya cikin damina, suna bakin shuka. 'Yan bindiga suka fito daga cikin rafi a kan babura, suka tasa su gaba tare da wasu mutanen ƙauyen.

Abin da ya biyo baya duk wanda ke wannan yanki ya san irinsa. Waya ta riƙa shigowa, ana zagi, ana sa mata muryar mijinta yana cewa a yi ƙoƙari. Aka sayar da gonar, aka sayar da injin ban-ruwa, aka sayar da awakinta. Aka kai kuɗin fansa, suka ce bai isa ba. Aka sake zagaye dangi. Kafin a gama wannan, Farfaru ta zama ba wurin kwana ba, Kubra ta kwashi yara ta koma Magama, bakin boda, inda wata ƙanwar mahaifinta ta ba ta ɗaki. Ta kafa rumfa a gefen titin da tireloli ke yin layi suna jiran kwastam, tana sayar wa direbobi shinkafa da wake.

A nan Abdulbaƙi ya same ta bayan an yi girbi. Shi kaɗai. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, sawun sarƙa ya zauna masa a idon sawu. Ta dube shi, ta dubi bayansa, ta sake duban bayansa.

"Ina Mahmudu?"

"Allah ya yi masa rasuwa," in ji shi.

Bai ƙara komai ba, ko a ranar ko bayanta. Ta tambaya, ciwo ne? Ya kawar da kai. An yi masa sutura? Ya tashi ya fita. Mutane suka ce ta bar shi ya huta, bakinsa zai buɗe. Watanni suka wuce bai buɗe ba. Ba gona, ba sana'a, ƙarfin dako kuma babu shi. Sai ya riƙa zuwa rumfarta ya zauna a ƙarshen benci, ya zuba wa titi ido tun hantsi har magariba. In aka ba shi abinci ya ci, in aka manta bai tambaya. Yaransa ma suka daina zama kusa da shi.

Ana nan sai ga wani baƙo daga Ɗan Issa, can tsallaken iyaka. Sunansa Shamsu, ɗan kasuwar shanu, wanda aka tsare su tare a daji aka sake shi kafin su. Ya yi ta cigiya har aka nuna masa rumfar. Da ya ga Abdulbaƙi sai ya durƙusa ya riƙe hannunsa. Kubra ta zuba masa abinci. Ya ci kaɗan, ya wanke hannu, sannan ya matsa kusa ya rage murya kamar mai roƙon wani abin kunya.

"Malam, tun da na hito abin ga bai bar ni ba. Mutanen Kirsa, sun samu sun tsallake kafin ruwa shi juya?"

Kubra na kwashe shinkafa ta ji mijinta ya yi gyaran murya. Ta waiwayo. Ya gyara zama, ya ɗaga kai, wata murya da ba ta san yana da ita ba ta fito daga bakinsa.

"Ba duka ba," ya ce. "Masu raƙuma sun makara, saboda sarauniyar ta hana a bar tsofaffi a baya."

Ya ci gaba. Ya yi magana har aka kira la'asar, suka je suka yi salla suka dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Kubra ba ta gane komai ba. Sunayen garuruwa ne da ba ta taɓa ji ba, da mutanen da yake ambata kamar maƙwabta. Wake ya kusa kama mata a wuta.

Da Abdulbaƙi ya tafi alwalar magariba, ta tare Shamsu.

"Bawan Allah, wane gari ne wannan kuke magana?"

"Ba gari ba ne, Hajiya. Ƙasa ce guda, Dalmaru sunanta. Shi ya yi ta." Ya nuna goshinsa. "Can daji, biyu-biyu anka ɗaure mu da sarƙa ga ice. Ba ka da aiki sai tunanin ranar da za a kashe ka. Akwai wani dattijo da ya hwara magana shi kaɗai, hankali na son barin shi. Sai Malam ya ce mashi, Baba, ka san akwai wani kogi da ke gudu arewa rabin shekara, rabin shekara kuma shi juyo kudu? Dattijon ya ce ƙarya ne. Malam ya ce to bari ka ji yadda mutanen wurin ke noma. Daga nan anka hwara. Kullum da marece sai ya ƙara wani abu. Wallahi Hajiya, akwai ranar da anka yi mani dukan da na so in mutu, abin da ya hana ni sakin rai shi ne ban ji yadda anka ƙare da yaƙin Kirsa ba."

Kubra ta saurare shi har ya gama, amma abin da ta ji a ranta haushi ne. Ita da ta sayar da komai, ita da ke tashi tun asuba tana hura wuta, ba ta samu jimla biyar daga bakinsa ba tun dawowarsa. Ga baƙo ya zo ya samu wuni guda. Ta tambayi Shamsu ko ya san yadda ƙanenta ya rasu. Ya ce shi dai ya baro shi da rai, yana ta ba mutane dariya.

Shamsu ya riƙa dawowa duk ranar kasuwa. A wannan lokaci bodar ba ta da tabbas, yau a ce an buɗe, gobe a ce jandarmomin Nijar sun hana wucewa. Tireloli suka yi layi har ido bai ganin ƙarshensu, direbobi suna kwana a ƙarƙashin motocinsu, kayan wasu na ruɓewa suna kallo. Mutanen da ba su da abin yi sai jira, su suka fara matsowa kusa da bencin. Da farko biyu ne ko uku. Kafin a jima, da an idar da la'asar sai ka ga an shimfiɗa tabarmi da kwalaye a gaban rumfar Kubra, har da masu canjin kuɗin sefa da wani ma'aikacin kwastam da ke zuwa ya tsaya daga baya kamar wucewa yake yi.

Ko ba ta so, kunnenta na wurin. A hankali ta fara sanin ƙasar. Ta san Kirsa, birnin da aka rataye gidajensa a jikin dutse da igiyoyin gashin raƙumi, inda mata ke gaisawa ta taga suna miƙa wa juna wuta a cikin kasko da sanda mai tsawo. Ta san gishirinsu shuɗi ne, kuma ana haƙo shi ne a lokacin da kogin Walmasa ya tsaya cik kafin ya juya, kwanakin da ba a ɗaura aure ba a kuma yin shari'a. Ta san Marasa Inuwa, mutanen cikin yashi, waɗanda ba mugaye ba ne, ƙishirwa ce ta koro su. Abin da ya ba ta mamaki shi ne babu tambayar da za a yi masa ya rasa amsa. Wani direba ɗan Gusau, Yusha'u, ya taɓa tsayar da shi ya ce, to in gidajen a rataye suke, ina suke binne matattu? Abdulbaƙi ya ce ai ba sa binnewa a Kirsa, saukar da gawa ake yi a kwando zuwa gindin dutsen, akwai wata zuriya a can ƙasa da aikinsu ke nan tun kaka da kakanni, kuma ba sa hawa sama sai ranar da aka naɗa sarauniya. Ya faɗi irin tuwon da wannan zuriya ke ci, da dalilin da ya sa ba sa aurar da 'ya'yansu ga masunta.

Ƙasar ba aljanna ba ce. Ana yunwa a cikinta, ana cin amana, ana kisa. Amma a Dalmaru duk wanda ya kashe rai, akwai wani ƙaramin tsuntsu baƙi da ke zuwa ya sauka a kafaɗarsa, yana kiran sunan mamacin, a kasuwa, a masallaci, a ɗakin matarsa, har ranar da zai mutu. Ba ya koruwa, ba a kuma iya kashe shi. Direbobin sun fi son wannan fiye da komai, sukan sa a maimaita musu.

Wata rana Yusha'u ya zo sayen abinci, Kubra ta ce masa, "Ku manya da ku, da iyali, kun zauna kuna jin tatsuniya."

Ya yi murmushi. "Hajiya, kin ga motar can? Albasa ce a ciki, ta fara ruwa. Na tambayi kowa dalilin da ya sa aka tsare mu, babu wanda ya sani, har masu kakin. A Dalmaru kuwa in abu ya same ka, akwai dalili, kuma in ka bi sawu za ka same shi. Ki bar mu mu ɗan je can mu dawo."

Cinikinta ya ƙaru, wannan ba ta musu. Abdulbaƙi ya fara cin abinci da kansa, ya fara aske gemu. Amma da taron ya watse sai ya koma yadda yake, kamar fitilar da aka kashe.

Sai ranar da ta ji sunan. Tana yanka albasa, labari ya kai bakin kogin Walmasa, inda wata tawaga ke neman mai fito ya tsallakar da su.

"Mai fiton wurin saurayi ne dogo, mai wushirya," in ji Abdulbaƙi. "Sunansa Mahmudu. Ba ya karɓar kuɗin fito sai an ba shi labarin garin da aka fito, kuma duk labarin da aka ba shi sai ya ce ƙarya ne."

Mutane suka yi dariya. Wuƙar ta faɗi daga hannun Kubra. Ta shige bayan rumfa ta tsuguna, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Da suka koma gida bayan magariba, ta sa yara suka fita tsakar gida, ta tsaya a gabansa.

"Baban Hassana, ka ji tsoron Allah. Na roƙe ka ka gaya mini yadda ɗan'uwana ya mutu ka ƙi. Yau kuma ka ɗauke shi ka sa a tatsuniya, direbobi na dariya."

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Ban haukace ba, Kubra," ya ce. "Na san babu Dalmaru. Na san ni na ƙirƙire ta. Amma in na rufe ido na neme shi a nan, abu ɗaya kawai nake gani, kuma ba na so ki gani. A can kuwa yana da kwalekwale. Yana da lafiya. Har ya fara neman aure."

Ta so ta yi masa ihu, amma sai ta ji bakinta ya ce, "Wa yake nema?"

"Wata yarinya daga tsallaken kogi. 'Yar masu saƙa."

"Tana da hankali?"

"Tana da faɗa."

Kubra ta zauna a bakin gado. Hawaye na zuba, amma ta ce, "Gara mai faɗan. In ba haka ba ba zai ji magana ba." Can kuma ta ce, "Kuma ɗazu daga bayan rumfa na ji kana cewa yana cin miyar kifi da kuɓewa. Mahmudu bai taɓa cin kuɓewa ba tun yana yaro."

"Na manta," in ji shi. "Za a gyara."

Washegari a gaban taro, mai fito Mahmudu ya kifar da kwanon miya a kogi saboda an sa masa kuɓewa, uwar budurwarsa ta yi fushi, aka yi ta rigima. Kubra ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar da rabonta da ita tun Farfaru.

Daga nan ta shiga ƙasar da ƙafafunta biyu. Takan yi sauri ta sallami masu saye kafin la'asar. Da safe tana wanke tukwane tana tunanin ko iyayen yarinyar za su yarda, ko Marasa Inuwa za su iso bakin kogin kafin biki. Wani lokaci a hanyar gida takan ba mijinta shawara, ya karɓa ko ya ce a'a, mutanen wurin ba sa yin haka, ya gaya mata dalili. Ba su taɓa hira irin wannan ba tun aurensu. Ta daina tambayar yadda Mahmudu ya mutu.

A shekarar da aka yi sulhu da 'yan daji, masu unguwa suka bi gida-gida suna jan kunne. An yi yarjejeniya, za su bar mutane su yi noma, su kuma za a bar su su shigo kasuwa. Kada wanda ya tsokane su, kada wanda ya nuna su da yatsa, ko da ya gane wanda ya ƙona masa gida. Duk wanda ya ja aka warware sulhun, jinin jama'a na wuyansa. Mutane suka ce to. Aka fara ganinsu ranar kasuwa, samari masu rawani da tabarau, suna sayen lemo da katin waya.

Ranar da abin ya faru, labari ya kai wuri mai daɗi. An sa ranar auren Mahmudu, ya ɗauko amarya da danginta a kwalekwale, suna tsakiyar Walmasa sai ruwan ya fara alamar juyawa kafin lokacinsa. Mutane suka ƙara matsowa. Wani saurayi siriri ya faka babur a gefen titi, ya tako ya tsaya a bayan mutane yana saurare. Can sai ya kutsa ya zo gaba, fuskarsa cike da fara'a.

"Malam mai labari. Ashe kana nan. Ka gane ni? Lawwali ne."

Abdulbaƙi ya tsaya a tsakiyar kalma. Shamsu, da ke zaune kusa da shi, ya sunkuyar da kai. Kubra ta dubi su biyun ta gane ko wane ne.

Saurayin ya tsuguna kamar wanda ya haɗu da tsohon malaminsa. "Wallahi tun da ka tahi ba mu sake samun mai ba mu labari ba. Har yau yaran na maganar Kirsa. Ni wurin tsuntsun nan na hi so, mai kiran suna." Ya yi dariya. Ya juya ga mutanen da ke zaune. "Ku ba ku sani ba, mutumen ga labari nai ya cece shi. Ranar da maigida ya ce kuɗinsu bai cika ba, a kashe guda cikin su biyu don 'yan gida su yi sauri, shi anka nuna, don shi ne babba. Mu munka ce a'a, a bar muna mai labari, ba a ƙare ba. Sai anka ɗauki dogon."

Wata tirela ta yi ƙara a can gaba ta yi shiru.

"Kuma ka ga ikon Allah," Lawwali ya ci gaba, "da marecen ranar munka ce ya ci gaba, sai ga dogon ya hito cikin labarin da jirgi nai. Munka yi ta mamaki. To Malam, ya anka ƙare? Ya yi auren?"

Kubra na riƙe da ludayi. Tukunyar mai na tafasa a gabanta, tsakaninta da shi taku kaɗan ne. Ta ga bayan wuyansa, ta ga inda aski ya tsaya. Ta tuna mai unguwa, ta tuna Hassana da ƙannenta, ta tuna matan ƙauyen Daddara da suka koma gonakinsu a wannan makon. Ta ajiye ludayin.

Da ƙyar Abdulbaƙi ya ce, "Na gaji yau."

"To ba komai, sai wani zuwan," in ji Lawwali. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya hau babur ya tafi.

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. Shamsu ya tashi ya kama hanyar iyaka. Bai sake zuwa ba.

A gida Abdulbaƙi ya ce mata abu ɗaya kawai, yana fuskantar bango. "Na ga lokacin da suka tafi da shi. Na ji ƙarar. Amma ban san ni aka fara nunawa ba. Wallahi ban sani ba."

"Na yarda," ta ce.

Kuma ta yarda ɗin. Ta san bai zaɓa ba, ta san da shi aka kashe da yanzu 'ya'yanta marayu ne. Amma kwana da kwanaki in ta kawo masa abinci sai ta ajiye ta juya, ba ta iya kallon bakinsa. Duk dariyar da ta yi a gaban rumfa ta dawo tana ci mata rai. Abin da ya riƙe ta a watannin nan, abin da take kwana tana tashi da shi, shi ne aka auna da ran ƙanenta aka ga ya fi nauyi. Kuma waɗanda suka auna ɗin sun san Kirsa kamar yadda ta sani, suna son abin da take so a ciki.

Abdulbaƙi ya daina zuwa rumfa. Direbobi suka yi ta tambaya, Yusha'u har gida ya zo, aka ce masa ba ya jin daɗi. Daga baya aka saki layin motocin, waɗanda suka san labarin suka wuce Maradi da Agadas, waɗanda suka zo bayansu ba su san an taɓa yin wani abu a wurin ba. Abdulbaƙi ya samu aikin gadi a wani shagon siminti, yana fita da safe ya dawo da yamma. Yana gaishe ta, tana gaishe shi.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, duk da haka tana so ta ji. Tana jin kunyar kanta, tana istigfari, amma in tana tsintar wake sai ta tsinci hankalinta a tsakiyar kogin nan, ga kwalekwale cike da mata da kayan amarya, ga ruwa na juyawa. An bar shi a can. Ta yi ƙoƙarin ƙarasawa da kanta, ta ce a ranta sun tsallake lafiya, an yi biki. Bai zauna ba. Ita ba ta san yadda ruwan yake ba, ba ta san abin da mai fito ke yi in ya juya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yara sun fita, ta same shi zaune a ƙofar ɗaki yana gyara takalminsa. Ta zauna nesa kaɗan.

"Baban Hassana."

"Na'am."

"Ba don kowa ba. Ni kaɗai. Ka fitar da shi daga ruwan nan, ko da a taƙaice ne. Daga nan ba zan sake tambaya ba."

Ya ajiye takalmin. Ya rufe ido, ya daɗe, har ta fara sa rai. Ta ga goshinsa ya tattare, gumi ya tsattsafo masa. Sannan ya buɗe.

"Na duba, Kubra. Kullum ina dubawa. Babu kogin, babu dutsen. In na je sai in tarar da su zaune da bindigoginsu suna jira in fara."

Ta ce to. Ta tashi ta ɗora ruwan wanka.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, da rana tsaka, babur ya tsaya a gaban rumfarta. Lawwali ne da wani abokinsa. Suka zauna a benci, ya ce a zuba musu shinkafa da wake, a sa mai da yaji sosai. Matar da ke sayar da fura a gefe ta kalli Kubra ta kawar da kai. Kubra ta ɗauko kwano biyu ta zuba, ta sa mai, ta sa yaji, ta ajiye musu ruwan wanke hannu.

Suka ci suna hirar farashin babur. Da suka gama Lawwali ya biya, ya tsaya yana sakace.

"Ina Malam? Kwana biyu ban gan shi ba."

"Yana wurin aiki."

"Ki gaishe shi. Ki ce mashi muna nan muna jira."

"Zai ji," in ji ta.

Suka tafi. Wani direba ya zo ya zauna a inda suka tashi, ya ce a ba shi na wake zalla. Kubra ta jawo kwanon da Lawwali ya ci, ta tsoma shi a ruwa ta wanke, ta zuba wa direban a ciki.